Tsamiyar da Katafila Ta Bari

Cikin dokoki goman nan da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ta ƙarshen ce na fi ƙwarewa wajen yi wa mutane wa'azi a kanta, wato wadda ta hana mutum ƙyashin abin maƙwabcinsa. Ita ce kuma na karya ran wata Lahadi da hantsi, a gaban jama'a, Littafin yana buɗe a hannuna. Ɓarawo mai kunya yakan jira ƙafa ta ɗauke. Ni sai da na sa farar riga, na buga ƙarfen kiran sujada, na tabbata kowa ya zauna.

A lokacin ni ne mai bishara a wani tsibiri cikin kogin Kwara, kudu da Yelwa, a ƙasar Ngaski. Daga wajen Zuru aka turo ni, ba da daɗewa ba bayan an sami 'yancin kai. Na iso da maiɗakina, da akwatin ƙarfe ɗaya, da kai wanda ya fi akwatin girma, don na yi shekara uku a makarantar koyon aikin bishara, kuma a ganina in aka cire faston da ke Yelwa babu wanda ya kama ƙafata a sani daga nan har Warra. Mutanen tsibirin Gungawa ne, manoman albasa da masunta. Yawanci Musulmi ne, wasu kuma suna nan a kan al'adar kakanni. Masu zuwa sujada ba su cika tabarma huɗu ba, kuma a cikin 'yan garin da ke zuwa babu ko ɗaya da ya iya karatu. Abin da na karanta musu, shi ne ke cikin Littafi. Abin da na tsallake kuwa, a wurinsu ba a taɓa rubuta shi ba.

Babba a cikinsu wani tsoho ne da kowa ke kira Baba, ni ma haka nake kiransa. Masunci ne, amma ido ya fara yi masa hazo, ya bar shiga jirgi ya koma gyaran taru a bakin ƙofa. Kafin ya ba da gaskiya shi ne mai riƙe da tsafin gidansu. Akwai wani ice a bakin tsibirin inda yakan yanka baƙin zakara kowace shekara kafin a fara su, wato kamun kifi. Ranar da ya yanke shawara, da hannunsa ya kwaso layu da ƙahoni da 'yar tukunyar da ya gada, ya cinna musu wuta a fili. 'Yan'uwansa sun yi shekara biyu ba sa cin tuwo akushi ɗaya da shi. Ni kuwa a cikin abin aka haife ni, ubana kukun mishan ne, bangaskiya ba ta taɓa hana ni ko abincin rana ɗaya ba. Duk da haka ni ke tsaye ina koyarwa, shi yana zaune a gaba, tafin hannu a bayan kunne, yana maimaita kalmar ƙarshe ta duk abin da na faɗa.

Maganar datse Kwara a Kainji ta daɗe tana yawo kafin kowa ya yarda. Wa zai tare wannan ruwa? Sai ga masu awo da dogayen sanduna, sai ga masu fenti suna rubuta lamba a ƙofar kowane gida. Daga nan dariya ta ɗauke. Aka ce ruwa zai hau ya shanye tsibirin, da lambunan albasa, da kaburbura, gwamnati kuma ta gina mana sabon gari a tudu, a gaɓar gabas. A tsakiyar rani muka tashi. Jirage suka yi ta kai da kawo da tukwane da awaki, na ga manyan maza suna kuka ba su ɓoye ba.

Sabon garin kuwa, katafila ta riga mu zuwa. Ta share wurin tas kamar masussuka, ba ta bar ko geza ba. A kan wannan fili aka jera gidajen bulo sahu-sahu, rufinsu na siminti a lanƙwashe kamar jirgin da aka kife. Ice ɗaya tak ya tsira, wata tsohuwar tsamiya a ƙarshen sahu ta arewa. An ce direban katafilar a gindinta yake cin abincin rana, shi ya sa ya ƙyale ta. Da aka zo rabon gidaje, mai gari da malamin gwamnati suka bi yadda gidajen suke jere a tsibiri. Gidan Baba a can shi ne na ƙarshe ta arewa, saboda haka a nan ma na ƙarshen ya samu, tsamiya a bakin ƙofarsa. Ni aka ba ni na tsakiya, jikin ɗakin sujada, kamar yadda ya dace da mai bishara. Har godiya na yi.

Sai bazara ta shigo. Rufin nan yakan sha rana tun safe ya adana, ya yi ta sako mana ita har bayan magariba, ɗaki ya koma tanderu. In na zauna shirya wa'azi, gumi na ɗiga daga haɓata a kan takarda. In na fito waje, babu inda zan raɓa sai siririyar inuwar bango, wadda da azahar takan shige ƙarƙashin bangon ta bar ni. Daga bakin ƙofata kuma, in na dubi arewa, sahun gidajen ya miƙe sak har gindin tsamiya. Ga Baba can ya miƙe ƙafa, ya maƙale zaren taru a babban yatsa, yana ɗinki cikin inuwa. Limamin gari yakan zauna wurinsa bayan azahar. Matan Fulani masu tallan nono a nan suke sauke ƙorai. Masunta in sun taso daga bakin ruwa nan suke yada zango.

Satin farko na ce, Allah mai tausayi, ya dubi tsoho. Sati na biyu na fara ganin cewa inuwar nan za ta ɗauki mutum talatin, tsoho ɗaya da tsohuwarsa kuma ba su cika kusurwa ɗaya ba. A sati na uku na gano cewa ashe aikin Ubangiji ne ke bukatar tsamiyar: a gindinta ya kamata a buɗe ajin koyon karatu, a gindinta ya kamata mai bishara ya zauna, inda jama'a ke taruwa. Ban taɓa ce wa kaina ina so ba. Mai shekara uku a makaranta ba ya so, sai dai ya ga bukata.

Abin haushin shi ne babu wanda ya hana ni inuwar. Kullum na gifta sai Baba ya ɗaga murya, "Malam, taho ka sha inuwa!" Na je sau biyu. Ya sa tsohuwarsa ta shimfiɗa mini tabarma mafi kyau, aka kawo ruwan randa. Na zauna iska tana kaɗa ni, raina yana ƙuna. Ashe ba sanyin kaɗai nake nema ba. So nake in zama ni ne mai kiran mutane su zo su sha.

Maiɗakina mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi ɗaya takan ishe ni sati. Wata rana tana tankaɗe a bakin ƙofa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, a nemo maka man zafi? Na ga wuyanka ya kwana biyu a karkace wajen arewa." Na ce mata hadari nake dubawa. Ta ce hadari dai daga gabas yake tasowa.

Da na je na ce, Baba, mu yi musayar gida, zai iya yarda, zai iya ƙi, kuma ko wanne ya yi da an wuce wurin. Amma ina mai bishara zai kai fuskarsa in aka ji ya roƙi tsoho gidansa? So nake ya kawo da kansa, ni kuma in karɓa da ƙyar. Hanyar da na sani ta sa mutum ya yi abu da kansa kuwa ɗaya ce, ita ce wa'azi.

Sati guda na yi ina shirya shi. Har yau ban sake shirya wanda ya kai shi kyau ba, wannan ma wani abin kunya ne na dabam. Na tattaro wuraren da suka yi maganar wadar zuci: cewa hannu wofi muka shigo duniya kuma haka za mu fita, cewa mai abinci da sutura ya kamata ya gode, da labarin attajirin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, bai kai ga cin hatsin ba aka karɓi ransa. Akwai kuma labarin wani sarki da ya kwanta ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci saboda 'yar gonar maƙwabcinsa. Da na iso wurin na haɗa shafi biyu na juya. Sannan na sami abin da nake nema, inda aka ce kwaɗayi da bautar gunki abu ɗaya ne. Wannan yana nan a rubuce. Daga kansa na ɗora nawa ginin.

Ran Lahadi ɗakin sujada ya cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, don mutanen da aka raba da garinsu suna neman inda za su ji magana mai sanyi. Rabin farko na wa'azin ya shige su sosai. Wata mata da ta bar lambun albasar da ta gada wurin uwarta ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Na ga haka na ji daɗi, na ƙara murya. Da na zo kan kwaɗayi da gunki, sai na sassauta, na sunkuyar da kai, na ɗora yatsa a kan takarda kamar mai bin layi. Na ce mutum yana iya ƙone tsafinsa da hannu, zuciyarsa kuma ta zagaya ta sami wani ice ta zauna a gindinsa. Na ce wanda ya fito daga bautar itatuwa ya yi hankali da icen da ya fi so, balle tsamiya, wadda kowa ya san gidan iskoki ce. Da muryar karatu na faɗe shi, ba da muryar bayani ba, yatsana yana tafiya a kan layin da ke maganar wani abu dabam. Ban dubi Baba ba, amma ta gefen ido na ga hannunsa ya sauka daga bayan kunne. Bai maimaita kalmar ƙarshe ba.

Washegari da sassafe na same shi tsugune a ƙofata. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, maganar jiya da ni anka yi ta."

Na ce, "Haba Baba, Maganar Allah ai ta kowa ce."

Ya ce, "Ta kowa ta, amma ni tak kama. Tun da munka zaka garin ga, in na tashi da sahe ba Ubangiji nika hwara tunawa ba. Icen ga nika hwara dubi, in ji raina ya yi hwari. Ashe na ƙone wancan, wanga na nan tsaye shina jira na." Ya share fuska da tafin hannu. "Kai kana da Littahi, abin da ke cikin icen ba shi iya maka komi. Ka amshi gidan. Ka ba ni naka, in kwana jikin ɗakin sujada."

Na ƙi. Na ƙi sau biyu, irin ƙin da baƙo ke yi wa nama, ido yana kan akushi. A na uku na yi ajiyar zuciya na ce, to, in dai don lafiyar ransa ne, ba ni da ikon ƙi. Har ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.

Mai gari sai da ya tambaye shi sau uku ko cikin hankalinsa yake, sannan ya ce mu yi yadda muka ga dama. Ran Laraba muka yi musayar, mu muna arewa su suna kudu, muna gamuwa a tsakiyar sahu da kaya a ka. Maiɗakina ta kwashe tukwanenta ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta dire ta ƙarshe a gindin tsamiya ta ce, "Ka karanta musu na mai rumbuna. Na sarkin nan da gonar maƙwabci fa, sai yaushe?" Na ce kowane karatu da lokacinsa. Ta ce haka ne, ta shige ciki.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Masu ba da irin wannan labari sukan ce barci ya ƙaurace musu. Ni kam na yi barci har da minshari. Na fito da tebur da kujera, na jingina allo a jikin icen, na yi kwana uku ina shan iska kamar hakimi. Sai a rana ta huɗu na lura cewa ni kaɗai nake sha. Liman yakan ɗaga mini hannu daga kan hanya ya wuce. Matan Fulani sun sauke ƙorai sau ɗaya, suka dubi allo da tebur, suka dube ni, suka ɗauka. Na sanar da ajin karatu a sujada, na share wuri, na jera tabarmi, ba wanda ya zo. Da na matsa wa wani magidanci da tambaya, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ai kai kaf faɗa muna abin da ke cikin tsamiya. Mu ba mu da ƙarhin Littahi awa kai." Wa'azin ya yi aiki fiye da yadda na aike shi.

Baba kuwa yana tsohon gidana yana bin inuwar bango. Da safe yana yamma da ɗaki, da la'asar yana gabas, da azahar kuma sai ya shiga ciki, inda idonsa ba ya ganin ɓarakar taru. Daga sabuwar ƙofata, in na dubi kudu, sahun ya miƙe sak har wurinsa, don haka na juya kujerata ta fuskanci daji. Amma akwai abin da juya kujera bai ɓoye mini ba. Hanyar bakin ruwa ta gindin tsamiya ta bi, kowa nan yake wucewa, Baba kuma kullum sai ya je karɓo tarun gyara wurin masunta. Sai na ga ya daina bi ta nan. Yakan zagaya ta bayan gari, cikin kututturan da katafila ta tara da ƙayar da ta fara tsirowa, tafiya mai nisa ga mai sanda da ido mai hazo.

Na ɗauka fushi yake yi, har na ji wani sauƙi, don mai fushi ana iya ɗora masa rabin laifi. Wata safiya na tare shi a bayan gari na ce, "Baba, me na yi maka ka bar bin ƙofata? Fushi ne?"

Ya yi dariya, fuskarsa a juye wajen daji. "Wane hushi, Malam? Da can tsoron icen nika yi. Yanzu ko gidan maƙwabcina na. In na bi ta nan na ji sanyin ga, sai raina ya biya, in ce da ma ban ba da ba. Kai ko ka hwaɗa muna an hana." Ya girgiza kai. "Tsoho da kwaɗai, abin kumya. Ka yi mani addu'a Allah shi cire mani shi."

Ya durƙusa nan cikin kututtura. Ni kuma, mai bishara, mai shekara uku a makaranta, na ɗora hannu a kan furfurarsa na roƙi Ubangiji ya raba wannan bawa nasa da ƙyashin gidan maƙwabci. Addu'ar ta yi tsawo, ta yi kyau. Ya ce amin da ƙarfi. Na koma gida, tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Amma ban tashi daga gindin tsamiyar ba, na ci gaba da zama.

Damina ta sauka, aka rufe madatsar, ruwa ya fara hawa. Mutane sukan tsaya a gaɓa da yamma suna nuna wa juna inda gidan wane yake, har ranar da ba sauran abin nunawa sai kan giginya. Duk wannan lokaci ina cewa gobe zan faɗa masa gaskiya. Wataƙila da har yau ina cewa goben, in ba don wani kututture ya tsaga wa Baba tafin ƙafa a hanyarsa ta bayan gari ba. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Maiɗakina ce ke zuwa safe da yamma tana gasa masa da ruwan zafi da gishiri. Rana ta biyar ta dawo, ta dire kwanon a kan teburina, kusa da Littafi, ta ce, "Ni ba ni ƙara wanke ƙafar nan in dawo in kawo maka tuwo gindin icen nan. Ka zaɓi ɗaya, ko icen ko tuwon." Na so a ce Ruhu ne ya tashe ni daga kujerar. Wataƙila shi ne, amma ta hanyar tuwo ya biyo.

Na same shi yamma da ɗaki, ƙafar a naɗe a kan turmin da aka kife, yana laluben ɓarakar taru da yatsa. Na yi gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Na tambayi ƙafa, na tambayi ruwa, na tambayi kifi. Da tambayoyi suka ƙare na faɗa masa. Na ce tun da muka zo nake ƙyashin inuwarsa, wa'azin nan kuma don shi na shirya, don ya ba ni gidan. Na faɗa ina duban ƙasa, ina jira ya zage ni in sami sauƙi.

Bai zage ni ba. Ya ci gaba da ɗinki har ya ƙulle ɓarakar, sannan ya ce, "Wanga da kac ce hannu wohi munka zaka duniya, shina cikin Littahi?"

"Yana ciki, Baba."

"Mai rumbuna hwa?"

"Yana ciki."

"Kwaɗai da gunki abu guda?"

"Shi ma yana ciki."

"Tsamiya?"

Na ce, "Ba ta ciki. Tawa ce."

"Amma na ga yatsanka bisa takarda."

"Yana kai, Baba."

Ya ajiye tarun a kan cinya. Na ga fuskarsa ranar da jirgi ya raba shi da tsibiri, amma ba ta kai ta wannan safiya ɓaci ba. Can ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "To ni, Malam, da ban iya karatu ba, ƙaƙa za ni gane inda Allah yat tsaya kai kas soma?"

Na ce ya koma gidansa yau-yau, ni zan kwashe kayana da kaina. Ya ƙi. Ya ce ya ba da a gaban mai gari, shi ba ya ba da abu ya karɓe, tsohuwarsa kuma ta gaji da ɗaukar tukwane. Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Na yahe maka, tun da an ce a yahe." Ya juyo wajena. "Wanga dai shina ciki ko?"

Na ce yana ciki. A nan ne hawaye ya zo mini, ba a wajen neman gafarar ba.

Lahadin da ta biyo na gaya wa jama'a cewa maganar tsamiya ba ta cikin Littafi, tawa ce, kuma ga dalilin da ya sa na yi ta. Da zan iya ƙawata labarin, da na ce na tsaya na faɗa da ƙarfi. Gaskiya ita ce na cusa ta tsakanin sanarwar aikin gayya da waƙar buɗewa, da muryar da ba ta wuce tabarma ta biyu ba. Amma an ji.

Sannan na buɗe Littafi na karanta nassin ranar, a hankali, kalma bayan kalma, ban ƙara ko tari ba. Da na gama, kafin in fara bayani, Baba ya ɗaga hannu. Ya juya wajen mata ya kira maiɗakina. Ita ma ta yi makarantar mishan, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi ni saurin karatu. Ya ce, "Ɗiyata, taho. Malam, ba ta." Na miƙa mata Littafin. Ya ce mata, "Duba mani wurin. Haka shike?"

Ta durƙusa kusa da shi, ta bi layin da yatsa, leɓunanta suna motsi. Ta ce, "Haka yake, Baba." Ya gyaɗa kai, ya ce amin, ya gyara zama don jin bayani.

Na ɗauka na ranar ne kawai. Shekara shida ya ƙara a duniya. Ƙafar ta warke, ya koma bin hanyar kowa, yana gaishe ni da fara'a, in kifi ya samu yana aiko mana da babba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Amma kowace Lahadi, da na rufe baki daga karatu, sai hannun nan ya ɗagu, in miƙa Littafin, in tsaya a gaban jama'a hannu sake ina jira. Ba ta taɓa samun kuskure ko ɗaya ba. Shi kuma bai taɓa fasa tambaya ba.